Na'urar da ke gidanka, wa take kai wa rahoto?

Abu Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana. Yanzu kusan duk abin da mutum zai saya sai ya ga an rubuta a jikin kwalinsa cewa yana haɗuwa da waya: talabijin, agogon hannu, kyamarar bakin ƙofa, ƙwan lantarki, makullin ƙofa, injin wanki, har da kayan wasan yara. Ni a ganina ci gaba ne, kana wurin aiki ka kashe fitilar da aka bari a kunne, ka ga wanda ya buga maka ƙofa. To wani abokin aikina ya ce wanda duk ya cika gidansa da irin waɗannan ya ɗauki 'yan leƙen asiri aiki ne, kuma shi ke biyan su. Ina gaskiyar maganar take?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ka rabu da shi. Wa zai zauna yana leƙen ka? Kai minista ne? Ni fa ko talabijin ɗina zai rubuta duk abin da na kalla, ƙwallo zai gani sai labarai. Ba ni da abin ɓoyewa.

Injiniya: Ɗan Auta, tun da ka ambaci talabijin bari mu fara da shi. A 2017 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, tare da jihar New Jersey, suka ci kamfanin Vizio tarar dala miliyan 2.2. Laifinsa shi ne talabijin ɗinsa kusan miliyan 11 suna ɗaukar bayanin abin da ke kan allo daƙiƙa bayan daƙiƙa, suna aikawa kamfanin, ba tare da an gaya wa masu su ba. Ba tashar da ka kama kaɗai ba, ko faifai ka saka ko wata na'ura ka jona, yana gane abin da ake nunawa. Sai a haɗa wannan da adireshin intanet na gidan, a samo shekarun mutanen gidan da jinsinsu da ƙarfin aljihunsu, a sayar wa masu talla. Babu wani mutum da ya zauna yana leƙen ka ɗin, gaskiyarka. Inji ne ke yi, kuma yana yi wa kowa a lokaci guda, shi ya sa ba sai ka zama minista ba.

Ɗan Auta: To sai me? Su nuna mini tallan rigar ƙwallo. Na gode ma.

Anti Nas: Kafin ku tsorata mutane, ku bar ni in faɗi ɓangaren da nake gani a wurin aiki. Mai ciwon suga a da sai ya riƙa huda yatsa sau da yawa a rana. Yanzu akwai ɗan abu kamar maɓalli da ake maƙala masa a damtse, irin su FreeStyle Libre da Dexcom, yana auna sugan dare da rana yana tura wa waya. Na Libre yana yin kwana 14 kafin a canza. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya haɗa shi da wayar wani. Yaro yana barci, sugansa ya faɗi cikin dare, wayar uwarsa ta yi ƙara ta tashe ta. Wanda bai taɓa ganin yaron da sugansa ya faɗi yana barci ba ba zai san girman wannan ba. Ga agogon Apple, tun daga 2018 yana ɗaukar hoton bugun zuciya, yana kuma gane idan mutum ya yi mummunar faɗuwa. In ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba sai agogon ya kira masu agajin gaggawa, ya aika wa 'yan uwansa saƙo da inda yake. Tsohon da ke zaune shi kaɗai ya zame a banɗaki, wannan agogon zai iya zama sanadin tsirarsa.

Hajiya Babba: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ni irin wannan agogon ne a hannuna, yarana suka saya mini. Ban iya komai a cikinsa ba sai duba lokaci, amma hankalinsu ya kwanta.

Injiniya: Anti, ban musa ko ɗaya ba. Ni kaina in aka tambaye ni inda waɗannan na'urori suka fi amfani, asibiti zan fara nunawa, sai gona da masana'antu, inda ɗan ƙaramin abin aune ke sanar da manomi ƙasa ta bushe ko ya sanar da ma'aikaci inji ya fara zafi kafin ya ƙone. Amma ko a lafiyar akwai gyara. A watan Agustan 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce mutum 465,000 masu ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ta St. Jude Medical su je asibiti a sabunta musu manhajarta, domin an gano wani na kusa zai iya yi mata kutse ya canza yadda take aiki ko ya zuƙe batirin. Abu ne da ke cikin ƙirjin mutum fa.

Anti Nas: Amma ai an gyara, kuma ba a ce a cire ba. Ka faɗi wannan ma.

Injiniya: Haka ne, an gyara ba tare da tiyata ba. Domin na'urar asibiti ce, akwai hukumar da ke tsaye a kanta. Kyamarar da aka haɗa da araha aka sayar da ita ba suna ba adireshi, wa zai kira ka ya ce ka kawo a gyara?

Maman Ilham: Ni kyamara ce ta kawo ni wannan magana. Ina fita aiki in bar yara da mai raino. Na sa ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin yara. Wallahi tun da na sa nake samun natsuwa, ina buɗe waya in gan su suna wasa. Kada wanda ya ce mini in cire.

Malam Baba: Maman Ilham, tambaya ɗaya zan yi miki, ba don in ce ki cire ba. Mai rainon ta san akwai kyamarar?

Maman Ilham: Ta san ta falo.

Malam Baba: Ta ɗakin yaran fa? A nan take canza kaya in ta yi wanka? A nan take sallah, take kishingiɗa in yara sun yi barci?

Maman Ilham: Malam, in na gaya mata ai amfanin ya tafi. Wanda zai cuci yaro ba zai yi a inda ya san ana kallonsa ba.

Malam Baba: To ai kin faɗi amsar da bakinki. In ta san ana kallo ba za ta cuce shi ba, abin da kike nema ke nan. Ɓoyewar ba ta kare yaron, sai dai ta ba ki hujja bayan an riga an cuce shi. Ni abin da nake so 'yan zaure su duba shi ne wannan: duk muhawarar da ake yi a kan waɗannan na'urori, ana yin ta ne kamar mutum ɗaya ne a gidan. Ɗan Auta ya ce ba shi da abin ɓoyewa. To, shi ya yafe nasa. Wa ya ba shi ikon yafe na matarsa, da na baƙon da ya zo ya zauna a falonsa ya faɗi damuwarsa, da na yaron da bai kai ya ce e ko a'a ba? Mutum ɗaya ne ke danna "na amince", amma na'urar ba ta tantance muryar wanda ya danna da ta wanda bai danna ba. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, kada ku yi tajassusi. A Suratun Nur, aya ta 58, har yaran gida da masu hidima an umarce su su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da rana, da bayan sallar isha. Idan ɗan cikinka sai ya yi sallama a waɗannan lokuta, ina ga idon da ba ya rufewa, wanda kuma ba ka san ko su wa ke bayansa ba?

Ɗan Auta: Malam ya kawo aya, ni na yi shiru. Amma fa har yanzu ban yi aure ba, babu sirrin wanda na yafe.

Hajiya Babba: Za ka yi ai, muna nan.

Barista: Maganar Malam ta ƙarshe, cewa ba ka san su wa ke bayan kyamarar ba, ba zato ba ce. A watan Mayun 2023 FTC ta shigar da ƙara a kan Ring, kamfanin kyamarori mallakar Amazon. A cikin takardar ƙarar an ce a 2017 wani ma'aikacin kamfanin ya shafe watanni yana kallon dubban bidiyoyin mata masu amfani da kyamarar, waɗanda suka sa ta a ɗakin kwana da banɗaki. Ba kutse ya yi ba, aikinsa ne ya ba shi damar buɗewa. Ba wani tsarin kamfani ne ya kama shi ba, wata abokiyar aikinsa ce ta lura ta kai ƙara. Da ɗan gari akan ci gari. Ring ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A rana guda kuma Amazon ya amince da biyan dala miliyan 25 saboda ajiye muryoyin yara da Alexa, manhajarsa da ake yi wa magana ta amsa, ta naɗa, har da waɗanda iyayensu suka nemi a goge.

Maman Ilham: Innalillahi. To ni tawa ba Ring ba ce.

Injiniya: Ba maganar sunan kamfani ba ce, Maman Ilham, maganar hanyar da hoton ke bi ce. Mutane da yawa suna zaton hoton daga kyamara yake tsallakowa kai tsaye zuwa wayarsu. A yawancin kyamarorin nan ba haka ba ne. Yana fita daga gidanki, ya je rumbun kamfanin a wata ƙasa, daga can wayarki ta ɗauko. Duk abin da ya faru a wannan rumbun ya shafe ki. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Wyze ya samu tangarɗa, da aka dawo da aiki sai mutum kusan 13,000 suka ga hotunan da suka fito daga kyamarorin gidajen wasu. Babu ɓarawo, babu mugun ma'aikaci, kuskuren manhaja ne kawai. Ki duba saitin taki. In tana karɓar katin memori, kina iya sa ta riƙa ajiya a cikinsa ki kashe ajiyar kamfani. In akwai zaɓin rufe bidiyo ta yadda wayarki kaɗai ke iya buɗewa, ki kunna. Sannan kalmar sirrin da ta zo da ita, kin canza?

Maman Ilham: Wanda ya ɗaura mini shi ya saita komai.

Injiniya: Ke nan akwai yiwuwar har yanzu yana iya shiga. Ba na zarginsa, amma ki canza yau, ki kuma duba jerin wayoyin da aka ba izini.

Abu Hanan: Injiniya, wannan maganar kalmar sirri kullum sai an faɗe ta. Da gaske akwai masu bin gida gida suna gwadawa?

Injiniya: Ba mutane ke bi ba, manhaja ce, kuma ba ta barci. Ka taɓa jin Mirai? A 2016 wasu samari uku a Amurka suka rubuta ta. Aikinta ɗaya: ta zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarori da rauta (akwatin da ke raba intanet a gida) da na'urorin naɗar bidiyo, tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suka saba sakawa, irin su admin da admin, ko root da 12345. Wadda ta buɗe ta zama baiwarta. Da haka ta tara dubban ɗaruruwan na'urori. Samarin sun fara ne da rigimar kasuwancin sabar wasan Minecraft, wato kwamfutocin da ake buga wasan a kansu ta intanet, daga baya suka saki manhajar a fili kowa ya ɗauka. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka juya wannan rundunar kan kamfanin Dyn, wanda ke nuna wa kwamfutoci hanyar zuwa manyan shafuka, sai Twitter da Netflix da Reddit da wasu da yawa suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a Amurka da Turai. Su ukun sun amsa laifin rubuta manhajar a kotu a Disambar 2017. Abin lura, masu kyamarorin ba su san an yi yaƙi da kayansu ba. Hoto yana zuwa yadda ya saba, sai dai intanet ɗin gidan ya ɗan yi nauyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ba ta wuce 12345 ba.

Barista: Shi ya sa Birtaniya ta mayar da shi doka. Daga 29 ga Afrilu 2024 haramun ne a sayar da irin waɗannan na'urori a can da kalmar sirri mai sauƙin hasashe wadda duk aka yi wa iri ɗaya. Dole kuma kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko da gyaran tsaro, ya kuma ba da adireshin da za a kai rahoton matsala. Jihar Kalifoniya ta riga su tun 2020. Tarayyar Turai ma ta yi tata dokar, wadda manyan sharuɗɗanta za su fara aiki a Disambar 2027. Amma doka tana tsayawa ne a iyakar ƙasar da ta yi ta. Kayan da ba su cika sharaɗi ba ba ƙone su ake yi ba, kasuwar da ba a tambaya ake kai su.

Kawu Direba: Ku duk kuna maganar gida. Ni motata ce gidana. Ita ma akwai magana?

Barista: Kawu, taka ta fi ta kowa. A Satumbar 2023 gidauniyar Mozilla ta bi takardun sharuɗɗan kamfanonin mota 25, ba ko ɗaya da ya tsallake ma'auninta na kare sirri. Ta ce a duk nau'in kayan da ta taɓa dubawa ba ta ga wanda ya kai mota muni ba. Sai a Maris 2024 jaridar New York Times ta fito da labarin General Motors: motocinsa suna tattara yadda mutum ke tuƙi, yaushe ya taka birki da ƙarfi, yaushe ya figi mota, yaushe ya wuce ƙa'idar gudu, ana miƙa wa kamfanonin dillancin bayanai LexisNexis da Verisk, su kuma suna ba kamfanonin inshora. Mutane suka ga kuɗin inshorarsu ya tashi ba su yi hatsari ba. Da yawa sun ce ba su ma san an sa su a tsarin ba. Bayan labarin ya fita kamfanin ya daina ba waɗannan biyun. Ɗan Auta, wannan ita ce amsar "to sai me" ɗinka. Yau talla ce, gobe farashin da za a yanka maka ne, ba kuma za a gaya maka dalili ba.

Kawu Direba: Alhamdu lillahi tawa tsohuwa ce, ko rediyonta sai an dake shi yake magana.

Ɗan Auta: Kawu ya fi kowa tsaro a zauren nan.

Anti Nas: Ni dai ina ganin kuna tattaro munanan labarai ne kawai. Wannan bayanin da kuke tsoro ya taɓa fitar da gaskiya. A jihar Konetikat a 2015 an kashe wata mata a gidanta, mijin ya ce wani ne ya shigo da fuska a rufe ya harbe ta, ya faɗi lokaci. Agogon Fitbit mai ƙirga taku da ke jikinta ya nuna ta ci gaba da tafiya a cikin gidan kusan awa guda bayan lokacin da ya ce ta mutu. A 2022 kotu ta same shi da laifi. Ba don agogon ba, wa zai yi mata magana?

Barista: Gaskiya ne Anti, shari'ar sananniya ce. Amma ki lura da abin da ta tabbatar: agogon ya san lokacin da mutum ya tashi, da lokacin da ya zauna, da lokacin da ya daina motsi, kuma bayanin yana nan ajiye ana iya nemo shi. A can ya faɗa hannun mai neman gaskiya. Bayanin bai san hannun da zai faɗa ba. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai shekara 20, Nathan Ruser, yana duba taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, wadda ke haska hanyoyin da masu gudu suke bi. A tsakiyar hamadar Siriya da Afganistan, inda ko'ina duhu ne, sai ga wasu 'yan zagaye suna haske. Sansanonin soja ne, sojoji ne ke zagaye su da gudu da agogo a hannu. Ba wanda ya yi kutse, kowannensu da kansa ya bar saitin a buɗe, don ba ya ganin gudun safiyarsa sirri ne. Ɗaya ɗaya ba komai ba ne, da aka tara sai ya zama taswirar sansani.

Abu Hanan: To lasifikar nan da ake yi wa magana ta amsa fa? Ita nake shirin saya. Da gaske tana jin komai?

Injiniya: Makirufonta a buɗe yake kullum, in ba haka ba ta yaya za ta ji ka kira ta? Yadda aka tsara shi ne tana saurare a cikin kanta tana zubarwa, sai ta ji kalmar da ke tashe ta sannan ta fara naɗa ta aika. Matsalar ita ce takan yi kuskuren ji. A 2018 a birnin Fotlan na Amurka wata Echo, irin wannan lasifikar ta Amazon, ta naɗi hirar mata da miji ta aika wa wani da ke cikin jerin lambobinsu. Amazon ya ce ta ji abin da ya yi kama da sunanta, sannan ta ɗauki wasu kalmomin hirar a matsayin umarnin aika saƙo. A 2019 kuma kafar labarai ta Bloomberg ta bayyana cewa Amazon yana da dubban ma'aikata da aikinsu shi ne sauraron wani ɓangare na abin da aka naɗa suna rubutawa don a inganta manhajar. A shekarar aka gano Google da Apple ma suna yin irin haka, har Apple ya ba da haƙuri. Ban ce kada ka saya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka ajiye ta inda ake tara jama'a, ban da ɗakin kwana, ka shiga saiti ka ce a riƙa goge abin da aka naɗa, ka kuma san inda maɓallin kashe makirufon yake.

Malam Baba: In baƙo ya zo da magana mai nauyi kuma, ka danna maɓallin a gabansa, ko ka gaya masa akwai ta. Majalisi amana ne.

Maman Ilham: Na yi ta tunanin maganarku. Ta ɗakin yara zan juya ta ta kalli gadon jariri kaɗai, in kuma gaya mata. Amma Malam, in ta ji haushi ta tafi, kai za ka nemo mini wata.

Malam Baba: Wadda za ta tafi don an gaya mata gaskiya, da ta gano da kanta fa?

Hajiya Babba: Ni akwai abin da ban ji kun taɓo ba. Maza masu sa wa matansu ido da waɗannan abubuwa. Wata 'yar ƙawata, mijin ne ya haɗa komai na gidan a wayarsa, kyamara da makulli da motar da take hawa. In ta fita ya sani, in ƙanwarta ta zo ya san minti nawa ta yi. Da suka samu saɓani ya yi tafiya, yana can yana kashe mata fitila yana kunnawa cikin dare. Ba kamfani ba ne, ba ɓarawon intanet ba ne, wanda suke kwana ɗaki ɗaya ne.

Barista: Hajiya, kin taɓo inda ya fi ciwo, kuma ƙungiyoyin da ke taimakon matan da ake cutarwa a gida sun daɗe suna kuka da shi. An ƙera kayan ne da tunanin mai gida ɗaya mai riƙe da asusu, sauran duk baƙi ne a wurin manhajar. Haka aka yi da AirTag da Apple ya fitar a 2021 don neman makulli da jaka, aka wayi gari ana jefa shi a jakar mace ko a maƙala a ƙarƙashin motarta. Daga baya Apple da Google suka haɗa kai, yanzu iPhone da Android duka suna gargaɗin mutum in wani abin bibiya da ba nasa ba yana tafiya tare da shi. In saƙon ya fito a wayarku kada ku share shi.

Ɗan Auta: To ni yanzu me ya rage in saya? Kun kashe mini kasuwa.

Injiniya: Saya duk abin da zai yi maka aikin da kake buƙata da gaske. Na'urar sugan da Anti ta faɗa ta cancanci bayanin da take ɗauka. Injin wanki da ke neman sunanka da lambarka da izinin sanin inda kake kafin ya aiko maka saƙon ya gama, wannan cinikin bai yi ba, ka bar shi ba intanet, zai yi wankinsa. Yawancin rauta suna da layin baƙi, ka jona su talabijin da kyamara a can, ka bar wayarka da kwamfutarka a babban layi, in an shiga ɗaya ba a kai ga ɗayan ba. Kayan wasan yara masu makirufo kuwa ni ba na shigar da su gida. Jamus ta haramta 'yar tsanar My Friend Cayla a 2017, ta ce iyaye su lalata ta, domin duk wanda ke kusa da gidan zai iya haɗa wayarsa da ita ta bulutut ba tare da wata lamba ba, ya ji yaron, ya kuma yi masa magana ta bakinta.

Kawu Direba: Makullin ƙofa mai intanet ɗin nan, in kamfanin ya rufe fa? Mutum ya kwana a waje?

Injiniya: Yawancinsu suna da ramin makulli na hannu ko lambobin dannawa, kada ka sayi wanda ba shi da. Amma tambayar tana kan hanya. A 2016 Nest, na gidan Google, ya kashe sabar wata na'ura mai suna Revolv da ke sarrafa fitilu da makullan gida, wadda mutane suka saya kusan dala 300. Ranar da aka kashe ta daina aiki gaba ɗaya, lafiyarta ƙalau, sai da aka yi ta surutu kafin a mayar wa mutane kuɗinsu. A 2022 Insteon ma ya kashe nasa ba sanarwa, mutane suka tashi manhaja ba ta buɗuwa. Don haka kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa abu biyu: in na cire intanet me zai ci gaba da aiki, kuma har zuwa wace shekara za a riƙa aiko da gyara.

Kawu Direba: Mai sayarwar ai shi ma bai sani ba, kwalin zai juya yana karantawa.

Anti Nas: Injiniya, ka turo mana yadda ake buɗe layin baƙin nan mataki mataki, da hoto in da hali. Na shiga saitin rautar gidana na ga rubutu ya yi mini yawa na fito.

Injiniya: Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan rautar ki turo mini ta gefe, amma ki rufe layin kalmar sirri da yatsa kafin ki ɗauka. Kowane kamfani da inda yake ɓoye nasa saitin, sai na ga irin taki.